LTC6994: ƙaramin guntun jinkirta sigina da ya cancanci kuɗinsa

Abin da ya fifita LTC6994 na Analog Devices kan tsohon guntun lokaci mai lamba 555 shi ne ba ya dogara da kafasita ta waje don ƙidayar lokaci, ita kuwa kafasita zafi da tsufa na sauya ƙimarta. Resista ɗaya a ƙafar guntun mai suna SET, tsakanin 50kΩ da 800kΩ, tare da mai rabawa, wato lambar da ake ninka lokacin da ita wadda resistocin ƙafar DIV ke zaɓa, su ke tsayar da jinkirin, daga 1µs (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa) har daƙiƙa 33.6. Resista 200kΩ da mai rabawa 8 na ba da 32µs. Yana aiki daga bolt 2.25 zuwa 5.5.

Ƙafar SET ce lagonsa. In layinta ya yi tsawo, ko ya bi kusa da layin fitar da sigina, hayaniyar lantarki za ta shiga, lokacin ya riƙa rawa. A manna resistar dab da ƙafar, a sa kafasita 0.1µF a ƙafar wuta. Resistocin DIV su zama waɗanda kuskuren ƙimarsu bai wuce 1% ba, in ba haka ba yana iya zaɓar mai rabawar da ba ita ake so ba.