Zango ɗaya a Denmak, a gidan mutanen ƙasar

Duk wanda zai je karatun zango ɗaya a Denmak aka ba shi zaɓi tsakanin ɗakin kwanan ɗalibai da zama da wani iyali, shawarata ya ɗauki gidan iyali, amma ya bar kara da alkunya a gida kafin ya hau jirgi. Ni daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Disamba na yi, ina karatu a Kopenhagen, ina kwana a Roskilde, mai nisan kusan kilomita 30 yamma da birnin. Masu gidan mata da miji ne da 'yarsu 'yar sakandare, sai ɗakin babban ɗansu da ya bar gida, wanda aka ba ni.

Mutanen nan magana ɗaya suke yi. Idan matar gidan ta ce a ƙara maka abinci ka ce "a'a, na gode", an gama, ba za ta sake tayi ba, kuma ba rowa ba ce, ta ɗauki maganarka ne yadda ka faɗe ta. Haka batun naman alade. Yana cikin abubuwan da ba za ka zata ba: frikadeller, wato ƙwallon niƙaƙƙen nama da suke so ƙwarai, da leverpostej da ake shafa wa baƙin burodinsu na rugbrød, har da wasu alewoyi. Na rubuta a takardar neman masauki cewa ba na cin alade, ba na shan giya, ba na son gida mai kare, na kuma maimaita a daren farko. Ba wanda ya ɓata rai. Maigidan ya ware mini gefe guda a firji, yakan kuma tambaye ni kafin ya sayo wani abu. Naman halal kuwa a unguwar Nørrebro ta Kopenhagen nake sayowa, can kusa da babban masallacin da aka buɗe a 2014, inda nake sallar Juma'a.

Abin da ya fi komai daraja a zaman shi ne cin abincin dare. Ƙarfe shida kowa yana kan tebur, an kunna kyandir, an ajiye waya. Wanda ba zai zo ba sai ya aiko saƙo tun da rana. A nan na koyi ƙasar fiye da yadda na koya a aji: dalilin da ya sa ba sa jin haushin harajin da ya kusa tsorata ni, da yadda Sarauniya Margrethe ta sauka a Janairun 2024 ta bar wa ɗanta Frederik sarauta. Maigidan ne ke girki rabin mako, ni ma aka ba ni rana guda. Na dafa shinkafa da miyar gyaɗa, yaji ya sa shi hawaye, amma ya ƙara. Ranar 10 ga Nuwamba aka gasa agwagwa kamar yadda suka saba duk shekara. Da na kira su Mama da Baba sai suka yi dariya suka ce in kira sunansu kawai. Har na taho bakina bai sake da hakan ba, ko da yake a jami'a ma farfesa da sunansa ake kiransa.

Karatun ba laifi. Aikin rukuni ya yi yawa, akwai jarrabawar baka, maki mafi girma 12 ne, 02 kuma shi ne ƙaramin makin cin jarrabawa.

Inda abin ya yi mini nauyi biyu ne. Na farko duhu. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, har azahar da la'asar da magariba duk su riske ka kana makaranta. Gidan ya taimaka a nan, don dawowa ka tarar da mutane da fitila ya fi shiga ɗaki kai kaɗai. Na biyu zirga-zirga. Jirgin ƙasa daga Roskilde bai kai rabin awa ba, amma idan ka haɗa da hawan keke zuwa tasha cikin ruwa da iska, tafiyar takan kusa awa guda. Abokan ajina da ke zaune a cikin birni sun shaƙu da juna, ni kuwa kullum idona yana kan agogo. Ofishin da ya haɗa ni da iyalin bai faɗa mini nisan gidan ba sai dab da tafiya, kuma da na tambaya ko za a sami na kusa, amsar ba ta zo da wuri ba. Wannan ya kamata su gyara.

Ta fuskar kuɗi, cin abinci a gida ya rufa mini asiri sosai, don a Kopenhagen kofin kofi ɗaya ma sai ka yi tunani kafin ka saya. Wanda yake son fita dare da abokai, ko ba ya son a tambaye shi inda ya je, ɗakin ɗalibai zai fi masa. Saura kuma su tambayi sunan garin da tashar jirgin da ta fi kusa kafin su sa hannu.