Fitilun titi na Lionel da na saya a intanet: ɗaya ta faranta min rai, ɗaya ta ɓata shi

Dillalin ya tallata su a matsayin tsofaffin fitilun titi na Lionel, kamfanin Amurka mai ƙera jiragen ƙasa na wasa, na asali, irin waɗanda ake jerawa a gefen layin dogo na ƙananan jiragen ƙasa na wasa masu ma'aunin O, wato wani faɗin layi da ake kira haka. Fitila mai lamba 71, wadda kamfanin ya riƙa ƙerawa daga 1949 zuwa 1959, ta iso da nauyinta da launinta na toka, babu tsagewa ko kumburin da ke cin zubin tutiya idan ya tsufa, kuma ina haɗa ta da taransifoma ta kama. A kanta ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Lamba 58 mai lanƙwasasshen wuya ce ta sa raina ya ɓaci, domin saboda ita na yi cinikin tun farko. Ya rubuta cewa ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu ce, kuma ba a taɓa sake fentinta ba. Da na kifa ta na duba ƙarƙashin gindin, sai na ga koren fenti ya malale har kan ƙusoshin da ake ɗaura waya, a wani lungu kuma inda ya ɗan ɓare, ga wani launi mai haske yana leƙowa daga ƙasa. An ƙera wannan samfuri daga 1922 har zuwa 1950, saboda haka lambar kaɗai ba ta nuna zamanin fitila. Launin asali na cikin manyan abubuwan da masu tara su ke dogaro da shi, shi ne kuma aka binne.

Sabuwar wayar roba da aka zura mata ban riƙe ta a matsayin laifi ba, tunda tsohuwar waya takan bushe ta farfashe. Amma da na aika masa hoton fentin, sai ya amsa da cewa ai ta fi kyau yanzu, ko haƙuri bai ba ni ba. A nan ne na lura cewa duk hotunan tallarsa babu wanda ya nuna ƙarƙashin gindi, abin da ya sa har lamba 71 ɗin na koma ina jujjuya ta da zargi.

Zan bar su biyun a gefen tashar jirgina na wasa domin haskensu yana da kyau, amma wannan dillali ba zai sake ganin kuɗina ba.