Hattara da mai sa allon taswira a mota: gargaɗi ga 'yan uwa na Nima da Mamobi a Accra

Assalamu alaikum jama'ar zango. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar rediyon mota mai allo, irin wanda ake dasawa a dashbod yana nuna taswira da bidiyo da kyamarar ribas. Ban ambaci suna ba domin suna ba ya daɗewa a kansa, yau wannan gobe wancan, lambar waya ma haka. Salon aikin ne ba ya canzawa. Ni mai wayarin mota ne, kuma ɓarnar da yake bari a ƙofar shagona take ƙarewa, shi ya sa na ga shiru ba nawa ba ne.

Yakan ce yana da shago a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota, amma in ka ce za ka je sai ya ce kada ka wahalar da kanka da cunkoso, shi zai zo har gida. Sai ya nemi rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, wai zai fanso kaya daga hannun wanda ya shigo da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Sunan da ke fitowa a lambar ba shi ne wanda ya faɗa maka ba, in ka tambaya ya ce ta ƙanwarsa ce. Wasu daga nan labarinsu ya ƙare, waya a kashe. Waɗanda ya zo wa kuwa, su ne suka fi shan wuya.

Ya fi farautar masu motocin da rufinsu ke naɗewa, irin su Mustang da Solara da BMW da ake kawowa daga Amurka, saboda ya san mai irin wannan mota yana son a gan ta tsaf, kuma ba ya yawan ciniki. Ɗan wani dattijon unguwarmu ya kawo mini tasa da janwe, rufin ya tsaya rabi a buɗe rabi a rufe, ga hadari ya haɗo. Ya ce, "Kawu, jiya lafiya lau na ajiye ta, yau ko fitila ba ta kawowa." Da na zare allon, abin da na gani ya ɓata mini rai. An datse soket ɗin kamfani gaba ɗaya da almakashi, an murɗe wayoyi da hannu an nannaɗe su da salatif na takarda, wanda zafin rana ya riga ya narkar da danƙonsa. Rawayar waya da ja an haɗe su wuri guda. Duk mai wannan sana'a ya san rawaya ita ce mai wuta kullum daga batir, ja kuma sai an murɗa makulli take kawowa. In ka haɗe su a kan wutar batir, allon ba ya barci ko ka kashe mota, haka zai kwana yana zuƙar batir. Injin da ke ɗaga rufin kuwa yana jan wuta sosai, batir mai rauni ba ya iya kai shi ƙarshe. Fis ma babu, an sa zaren waya a gurbinsa. Allah ne ya kiyaye motar ba ta kama da wuta ba.

Wayar kyamarar ribas ya bi da ita ta cikin but, daidai inda rufin ke kwanciya idan an naɗe shi, ƙarfe ya riga ya ciccije ta. Ya kuma huda jikin motar da dirila bai toshe ramin da roba ba. Wanda ya san ruwan watan Yuni a Accra ya san abin da zai biyo baya. Eriyar GPS na same ta a cikin ledarta, an cusa ta ƙarƙashin ƙarfen dashbod. Wannan 'yar aba sai tana fuskantar sama take jin tauraron ɗan'adam, roba ba ta tare ta amma ƙarfe yana tarewa. Shi ya sa yaron yana unguwar Kanda taswira na nuna shi a wani wuri daban.

Sai ita na'urar kanta. A kwali an rubuta sunan babban kamfani, idan ta kunnu ma tambarin kamfanin ke fitowa, amma wannan hoto ne kawai da kowa zai iya sawa daga saitin ciki. Ta rubuta Android 13, ƙwaƙwalwar aiki giga 4, ma'ajiya giga 64. Ƙarya ce aka dasa a manhajar. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a sauke manhajar AIDA64 ko CPU-Z a kan na'urar a duba lambar API, wadda ke nuna ainihin samfurin Android ɗin. Android 13 na gaskiya 33 ne, 12 kuma 31, 10 kuma 29. Ta yaron nan 27 ta nuna, wato Android 8.1. Wasu ma'ajiyar ma ta bogi ce, don haka a kwafa mata manyan bidiyo daga filashi a ga ko za ta ɗauka. Irin wannan in ka buɗe taswira da waƙa lokaci guda sai ta sanƙare. Ga mai buɗaɗɗen rufi akwai ƙarin matsala, domin allo mai arha ba shi da hasken da zai yi gogayya da ranar tsaka. A inuwar gareji zai yi kyau kamar amarya ranar kai ta, ka fita titi ka sauke rufi sai fuskarka kawai kake gani a ciki. Shi ya sa mutumin ya fi son zuwa da yamma lis.

Akwai wata damfarar da ta fi ba ni haushi, saboda dattawa take ci. Yana karɓar kuɗin "rajistar taswira" na shekara, wai in ba a biya ba tauraron zai yanke ka. Jama'a, siginar GPS kyauta ce a duk duniya, gwamnatin Amurka ke kula da taurarin, ba a biyan ko kwabo. Google Maps kyauta ne, kana iya sauke taswirar Accra gaba ɗaya ka yi amfani da ita ba data. Manhajar adireshi ta GhanaPostGPS da aka ƙaddamar a 2017 ita ma kyauta ake sauke ta. Duk wanda ya ce kawo kuɗin taswira aljihunsa za su.

Wani abin da yake yi yana alfahari shi ne haɗa wayar birkin hannu da jikin mota domin bidiyo ya riƙa tafiya ana tuƙi. Masu ƙera na'urorin kirki da gangan suka sa hoton ya ɗauke sai an ja birkin hannu. Mutum yana kan titin Nima, ga yara na tsallakawa, ga masu talla, ga babura ta ko'ina, idonsa na kan fim. Ko da mai gaskiya ne ya ce zai yi maka haka, ka ce a'a. Ran 'ya'yanmu ne a titin.

Wanda ke son sa irin wannan allo, ba laifi ba ne, ni ma ina sawa. Amma ya je shago mai ƙofa da kansa, inda zai iya komawa gobe. A kunna na'urar a kan tebur da batir kafin a taɓa mota, a fito da ita rana a duba haskenta. A tambayi soket ɗin haɗi na ainihin samfurin motar da shekararta, wanda ake sokawa ba tare da yanka ko waya ɗaya ba. Motocin zamani suna buƙatar ɗan akwatin CAN bus domin maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki, wasu BMW da Marsandi kuma sautinsu ta wayar haske (fiber optic) yake bi zuwa amfilifaya, su ma da nasu mahaɗin daban. In mai aiki bai san waɗannan ba, kada ya kusanci dashbod ɗinka. Ka tsaya a kansa yana aiki, ka karɓi tsohon rediyonka ka tafi da shi gida, don shi ma mutumin nan yana kwashewa ya sayar. Kafin ka cika kuɗi, ka ɗaga rufi ka sauke, ka kashe mota ka ga allon ya mutu, ka karɓi rasit mai sunan shago.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙon MoMo da hirar WhatsApp da hoton tallar, ya sanar da kamfanin layinsa da wuri, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa. Hukumar tsaron intanet ta ƙasar Ghana ma tana karɓar rahoto a lamba 292. In motar tana hannunka da aikinsa a ciki, ka cire kan batir yau ɗin nan har sai mai wayarin da ka yarda da shi ya duba ta. Don Allah a tura wa 'yan uwa na Sabon Zango da Fadama da Madina, domin na ji ya fara leƙawa can.