Sikanar lalube a ƙofar makarantar kwana: abin da take kamawa da abin da ke wuce ta

Ranar dawowa daga hutu a makarantar kwana, kafin azahar layi ya kai bakin titi. Akwatuna, bokitai, katifu a naɗe da igiya, ledojin gari da ƙuli-ƙuli, iyaye sun raɓe a inuwa suna jiran a sallame su. A bakin get akwai malamin ladabtarwa da metron da Baba mai gadi, sai kuma sikana, baƙar sandar nan mai ƙara da ake bi da ita jikin mutum don gano ƙarfe. An saba ganinta tun wajen 2011 da 2012, lokacin da tashin bama-bamai ya sa aka fara lalube a ƙofar masallatan Juma'a da coci-coci. Daga can ta shigo makarantu, kuma abin da ake nema da ita a nan wayar hannu ce.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai Garrett Super Scanner V, ta kamfanin Garrett da ke jihar Texas a Amurka. Tsawonta kamar santimita 42, nauyinta rabin kilo, tana aiki da batir mai kusurwa huɗu na bolt 9. Akwai kuma wadda ake kira MD-3003B1, wadda masana'antu da dama a Caina ke ƙerawa, ita ma an rubuta mata Super Scanner a jiki, kamarsu ɗaya daga nesa, amma kuɗinta bai kama ƙafar na waccan ba. Ita ce a hannun yawancin masu gadi. A lura, akwai jabu masu ɗauke da sunan Garrett, don haka wanda aka ce masa ga ta Amurka a farashin ta Caina, ya san abin da aka miƙo masa.

Aikinta ba wani sihiri ba ne. A cikin faffaɗan kanta akwai naɗin wayar lantarki da ke fitar da maganaɗisu mai rauni. Idan ƙarfe ya shigo kusa, sai ya dagula wannan maganaɗisun, na'urar ta ji, ta yi ƙara ko ta girgiza, jar fitila ta kama. Ba ta da hoto, ba ta da haske mai ratsa jiki irin na asibiti, saboda haka iyayen da ke tsoron za ta cutar da yaro su kwantar da hankali. Abu biyu kawai ta sani: girman ƙarfen da kusancinsa. Ba ta bambance waya da cokali. Kamfanin Garrett ya ce tasa tana jin babbar wuƙa daga inci 6, reza daga inci 3, ƙaramin ɗan kunne ko abin da aka naɗe a takardar alminiyam daga inci 1. Wannan na ƙarshen santimita biyu da rabi ne kacal, wato idan an ɗaga sandar nesa da jiki da faɗin tafin hannu, ƙananan abubuwa sun riga sun wuce. Ta Caina ba ta kai nan ba, kuma ko guda biyu aka saya a kwali ɗaya, da wuya ƙarfin jinsu ya zo daidai.

Yanzu a ɗauko takardar dokokin makaranta, wadda uba ya sa wa hannu ranar rajista, a jera ta kusa da sandar. Kusan duk makarantun kwana abin da suke hanawa ɗaya ne: waya da caja, hita, dutsen guga, risho, wuƙa da duk abu mai kaifi, ashana da laita, sigari, ƙwaya da maganin tari, kayan gida da ba yunifom ba, kayan kwalliya, kuɗi fiye da ƙima, karta da ludo a wasu wuraren. Daga cikin waɗannan, sikana tana da ƙarfi a kan waya, caja, fawabank, hita, dutsen guga, risho, wuƙa, almakashi, sarƙa da zobe, da shisha ta aljihu mai batir. Ko 'yar ƙaramar wayar nan mai madanni da yara ke kira rakani-kashi, idan tana cikin safa ko an ɗaure ta a cinya, za ta tona ta, muddin an kai sandar wurin. A nan ta cancanci yabo, domin tana yin abin da hannu ba zai yi ba sai an taɓa jikin ɗalibi, kuma taɓa jikin 'yar shekara goma sha shida a bainar jama'a abu ne da ya kamata kowace makaranta ta guje masa.

Yawancin sauran jerin kuwa ba ruwanta da su. Ƙullin wiwi a leda, sholisho, karan sigari da aka zare daga kwali, ƙwayar da aka ɓare daga katinta aka zuba a robar man shafawa, duk shiru za ta yi. Katin tramadol yana da alminiyam a bayansa, ana iya dacewa ta yi ɗan kuka idan an goga ta dab da shi, amma wannan sa'a ce. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018, idan an juye shi a gorar lemo ya wuce. Layin waya da memori sun yi ƙanƙanta. Ga kuma manyan laifuffukan da suka fi waya illa a hostal, cin zalin juniya, ƙwace musu firobishin, aika su wanki cikin dare, tsallake katanga, sata, faɗan gungu. Babu ɗaya a cikinsu da ke da ƙarfe a jiki.

Babban rauninta a makarantar kwana shi ne akwati. Akwatin ƙarfe da kwaɗonsa, bokitin ƙarfe, gwangwanin madara da na Milo, kwano, tocila, akwatin lissafi mai kamfas a ciki, ko'ina aka kai ta sai ta yi ihu. Ɗalibai sun daɗe da gane haka. Shi ya sa waya take shiga a tsakiyar gwangwanin Milo da aka buɗe ta ƙasa aka mayar, ko a ƙasan akwati a ƙarƙashin jarida. Mai lalube ya ji ƙara, ya ga gwangwani, ya ce na gwangwanin ne, ya wuce. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa tabarma, a zazzage akwatin gaba ɗaya, a ware duk abin ƙarfe gefe guda a duba shi da ido da hannu, gwangwani a jijjiga shi a duba bakinsa da gindinsa. Abin da ya rage, wato tufafi, ledar gari, sinƙin burodi, kwalin omo, matashi, sai a bi su da sandar. A nan kam tana da daɗin aiki: ledar gari mai mudu biyu ba sai an zuba hannu a ciki ba, a kwantar da ita ta baje, a shafa sama da ƙasa. Katifar soso ma haka, a bi ta fuska biyu, musamman gefen da aka ga sabon ɗinki. Kada a ɗora kayan a kan teburin ƙarfe ko benci mai ƙusoshi, kada kuma a yi a kan siminti mai rodi a ciki, domin rodin kaɗai ya isa ya sa ta kuka.

Wannan matsalar rodin ita ce ke lalata laluben ƙafa. Idan an sauko da sandar zuwa idon sawu sai ta ji ƙarfen daɓe, mai gadi ya gaji da ƙarar banza, ya daina sauka ƙasa da gwiwa, alhali safa ita ce ma'ajiyar farko. Duka nau'o'in biyu suna da maɓallin rage ji saboda wannan, amma rage jin yana rage kamun ƙananan abubuwa. Gara a sa ɗalibi ya hau ɗan katako mai kauri, ko a yi laluben a kan ƙasa.

Laluben jiki yana da tsari. Ɗalibi ya fitar da abin aljihunsa a faranti na roba, ya cire bel da agogo, ya ware ƙafa, ya buɗe hannuwa. A riƙe sandar ta faɗinta, kamar yatsa biyu daga jiki, a bi gaba daga kafaɗa zuwa ƙafa a dawo ta ɗaya gefen, a yi haka a baya, sannan hammata, ƙugu, tsakanin ƙafafu da kan hula ko ɗankwali. Idan ta yi ƙara, shi ɗalibin ne zai fito da abin da hannunsa, sannan a sake bi ta wurin. Wannan maimaicin shi ake yawan tsallakewa, kuma nan ne dabarar take: a sa makulli a aljihu ɗaya da waya, a fito da makullin, a wuce. A ɓangaren 'yan mata, fil ɗin hijabi, ƙugiyar rigar mama da ribom mai ƙarfe za su yi ta tayar da ita. Mace ce kawai za ta yi musu, a cikin ɗaki ko bayan labule, ba a filin asambuli ba.

Sai lissafin lokaci, wanda masu saye ba sa yi. Lalube mai kyau yana cin kamar daƙiƙa 30 ga mutum ɗaya, ban da kaya. Makaranta mai ɗalibai 600 da sanda ɗaya tana buƙatar awa 5 a kan jiki kawai. Da sanda huɗu abin ya dawo awa ɗaya da kwata. Wanda ya sayi guda ɗaya ya ba mutum ɗaya, zuwa la'asar kaɗa ta kawai ake yi a iska kamar mafici. Saboda haka makarantar da kuɗinta ya tsaya tsakanin Garrett ɗaya da 'yan Caina huɗu, ta ɗauki huɗun, ta gwada kowace a shago kafin ta biya: a sa reza a cikin littafi, a sa ƙaramar waya a cikin naɗaɗɗen tawul, wadda ta kasa ji a mayar. Mai hali ya sayi ta asalin, ta fi jure faɗuwa, kuma jinta ba ya canzawa daga safe zuwa yamma.

Batir ne ke kashe yawancinsu. Garrett ya ce batir ɗaya yana kai awa 100, amma wannan da batir mai kyau ne na alkalin. Mai arhar nan da ake sayarwa a tireda yana saurin sanyi, kuma 'yar Caina idan batirinta ya yi sanyi takan koma ko dai kurma ko mai kukan banza. Kowace safiya a gwada ta da abu guda sananne kafin a fara. Lokacin hutu a cire batirin, in ba haka ba ya zubo ya cinye bakin wayoyin lantarkin cikinta. Murfin batir da maɓallin kunnawa su ne ke fara karyewa, shi ya sa za ka ga da yawa an naɗe musu gindi da salatif. Igiyar hannun da ke jikinta ba ado ba ce.

To, ta yi ƙara, an fito da waya. Daga nan aikin sandar ya ƙare, na takardar doka ya fara, kuma a nan makarantu da yawa ke tuntuɓe. Wasu suna fasa wayar da guduma a gaban asambuli, wasu su jefa ta a bokitin ruwa. Abin yana ba da tsoro na mako biyu, amma dukiyar uba ce aka lalata, kuma idan ba a rubuta hakan a takardar da ya sa wa hannu ba, rigima ce ake gayyata. Mafi muni shi ne wayar da aka ƙwace ta shiga aljihun wani, ƙarshen zango a neme ta a rasa. Abin da ke aiki shi ne rajista: suna, aji, hostal, irin wayar, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, wadda ake gani idan an danna *#06#, sa hannun ɗalibi da na malamai biyu, a sa a ambulan a rufe a ofishin firinsifal, uba ko waliyyi ya zo da kansa ya karɓa. Ba a buɗe saƙonnin yaro a karanta wa jama'a. Hukuncin ma ya zama mai hawa-hawa kuma a rubuce: karon farko gargaɗi da aikin shara ko yankan ciyawa, na biyu a kira iyaye a rubuta alkawari, na uku dakatarwa. Wuƙa da ƙwaya ba sa bin wannan matakalar, kai tsaye gaban kwamitin ladabtarwa suke zuwa. Sashe na 11 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, don haka tsallen kwaɗo a rana har yaro ya faɗi, ko tuɓe shi don neman waya, ba ladabi ba ne a idon doka. Kuma kada a damƙa sandar a hannun firfet. Siniyan da aka ba ikon lalube, an ba shi hanyar karɓar cin hanci da sukari da madara.

Inda ta fi biyan kuɗinta shi ne ƙofar ɗakin jarrabawa. Babu akwati, babu gwangwani, ɗalibi da biro da katinsa kawai. A dokar WAEC, shiga da waya ɗakin jarrabawa yana jawo soke sakamakon ɗalibi gaba ɗaya, JAMB kuwa har agogo da biro ta hana a cibiyoyinta. Minti ashirin na lalube a bakin ƙofa yana tsare yaro daga asarar shekara guda. Takardar satar amsa da aka nannaɗe a cikin hula ko aka rubuta a cinya kuwa, sai idon mai sa ido.

Ga makarantar jeka-ka-dawo da ke son hana waya, guda biyu sun isa, ɗaya ɓangaren maza ɗaya na mata, kuma laluben ba-zata sau biyu a mako ya fi na kullum da ake yi a gurguje. Ga makarantar kwana, a sani cewa yawancin wayoyi ba ranar dawowa suke shiga ba. Ranar ziyara suke shiga a cikin kular abinci, ko ta katanga, ko ta hannun ɗaliban da ke zuwa daga gida. Sai an riƙa shiga hostal lokacin firef, wato lokacin da ɗalibai ke aji suna bitar karatu, hausmasta da shaida ɗaya da shugaban ɗakin, a bi katifu da silin da ramukan bango. Gadon ƙarfe zai hana sandar aiki, don haka a sauko da katifar ƙasa tukuna.