Sharhi a kan irin barkonon ayaba na Sweet Banana

Irin barkonon da ake sayarwa a ƙananan fakiti da sunan Sweet Banana iri ne mai kyau ga lambun gida, muddin mai saye ya san abin da yake saye. Dangin tattasai ne, 'ya'yansa dogaye masu ɗan lanƙwasa da tsini a ƙarshe, tsawonsu kan kai santimita 10 zuwa 15, kuma suna farawa da launin rawaya mai haske kafin su koma ruwan lemo, daga bisani su yi ja.

Ta fuskar tsiro ba ni da ƙorafi. Na yi renonsa a ƙasa mai laushi da aka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki, kusan duk ƙwayoyin suka fito cikin mako biyu, sannan na dasa su a tsofaffin bokitai da aka huda gindinsu domin kada ruwa ya kwanta, tunda saiwar barkono ba ta jure laima mai yawa. Fakitin ya ce ana fara tsinka bayan kimanin kwana 70 da dasawa, kuma haka aka yi. Itacen gajere ne amma yana ɗaukar kaya sosai, har sai da na kafa masa sanda saboda rassan sun fara rinjaya ƙasa. Muddin ana tsinkar 'ya'yan tun suna rawaya, ba ya daina fitar da sabon fure.

Inda fakitin ya gaza shi ne bayanin lokacin shuka, domin an rubuta shi ne don manoman Amurka masu gudun ƙanƙara, alhali matsalarmu zafi ce. Idan zafi ya haura digiri 32, furen yakan kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba, don haka wanda ya bari furensa ya riski watan Afrilu zai ga ganye shar amma babu abin tsinka. Gara a yi reno a ƙarshen damina, ya yi fure cikin sanyin hunturu. Darɓa ma tana son ƙarƙashin ganyensa, sai dai ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu ya wadatar a kanta.

Batun ɗanɗano kuwa, kada uwargida ta sa ran yaji. A ma'aunin Scoville, wanda ake auna ƙarfin yaji da shi, bai wuce 500 ba, yayin da attarugu ke haura 100,000, kuma namansa bai kai na tattasai ba da jan miya ba. Amfaninsa yana cikin kwaɗo, da wainar ƙwai, da yankawa ɗanye a gefen tsire tare da albasa. Masu gyambon ciki da yara sukan ci shi ba tare da fargaba ba. A Amurka galibi tsuma shi ake yi a ruwan khal.

A kula wajen saye, domin akwai wani iri mai suna Hungarian Wax wanda kamanninsu ɗaya a hoton fakiti, amma shi yana da yaji na gaske.