Kamfanin da ke rubuta mini talla: masu kallo da yawa, ciniki shiru

Gyaran waya nake yi, sana'ar da duk inda ka juya akwai mai yin ta. Wani kamfanin talla ya shawo kaina cewa su riƙa rubuta mini maƙaloli da haɗa gajerun bidiyo, wai masu neman bayani za su zo da ƙafarsu su zama kwastomomi.

Aikinsu da tsafta, ba sa saɓa alkawari. Amma nemi "gyaran gilashin waya da ya fashe" a Google: tallan da aka biya ne a sama, sai Samsung da Apple da tsofaffin manyan shafuka. Nawa kuwa sai ka gaji da gangarawa. Tun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, mutum ya karanta ya wuce bai shiga shafin kowa ba. Facebook ma a 2018 ya fifita abin da dangi da abokai ke wallafawa a kan na 'yan kasuwa.

Rahoton ƙarshen wata kam cike yake da adadin masu kallo. Da na tambaye su mutum nawa ne suka kawo waya saboda rubutun, sai aka ce in ƙara haƙuri. Shi mai kallon bidiyon canza batir ai yawanci so yake ya canza da kansa.

Abin da ya jawo kira shi ne gyara bayanan shagon a Google Maps: lokacin buɗewa, hotuna, amsa sharhin kwastomomi. Wannan zan ci gaba da biya, maƙalolin kuwa na dakatar.