Sintirin Kasuwa da Kuɗin Rasit Ɗinmu: Sharhin Wani Mai Rumfa

Na shafe shekaru ina biyan kuɗin rumfa a wata kasuwar hatsi ta jihar Zamfara, saboda haka ina ganin ina da ta cewa game da tsaron da ake ba mu.

Da yawa daga cikin abokan sana'ata sun ɗauka cewa daga rasit ɗin da ma'aikacin ƙaramar hukuma yake yanka mana ake biyan ɗan sanda albashi, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, kuma gwamnatin tarayya ce take biyan ta, ga kuma asusun tallafa wa 'yan sanda da doka ta kafa a 2019. Kuɗin jiha da na ƙananan hukumominmu 14 giɓi suke cikewa, wato motocin sintiri da mai da alawus, sai kuma ɗawainiyar Askarawan Zamfara, wato jami'an tsaron al'umma na jiha, da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024.

Aikin rana dai ya cancanci yabo. Duk ranar kasuwa motar sintiri takan tsaya a bakin hanya tun hantsi har la'asar sakaliya, kuma ganinta kaɗai yana sa manomi ya iya fito da geronsa da dawarsa daga ƙauye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da wataƙila sai da ya biya 'yan bindiga nasu harajin kafin su bar shi ya girbe gonarsa.

Da dare ne aikin yake da rauni. Lokacin da aka ɓalle ƙofar shagon maƙwabcina aka kwashe masa buhunan wake, mun kira tun kafin ɓarayin su yi nisa, amma aka ce mana babu mai a mota, har sai da muka yi karo-karo da asuba sannan aka zo duba wurin. Ban ga laifin jami'an da suka zo ba, domin sun saurare mu cikin mutunci kuma sun rubuta bayani. Abin da ya dame ni shi ne rasit ɗin da ke aljihuna bai nuna ko sisin kwabo nawa ne ke tafiya wajen tsaro ba.

Na kai wa Sarkin Kasuwa ƙorafi cewa a riƙa liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a ƙofar kasuwa kowane wata, ya kuma yi alkawarin gabatar da maganar a zaman 'yan kasuwa mai zuwa.